Sharhi: Masu yi wa Nijar addu'ar ruwa daga ƙetare, da aikin da suka bari a ƙasa

Duk shekarar da damina ta yi gardama a Sahel, sunan Nijar yakan fito a majami'un Amurka, Kanada, Jamus da Ostareliya. Ranar Lahadi a nuna hoton rijiyar da ta ƙafe ko gonar hatsin da ta ƙone, a roƙi Allah ya saukar da ruwa, sannan a tara gudummawa. Ƴan Nijar mazauna waɗannan ƙasashe sun sha cin karo da irin wannan, haka ma matasan da ke bin Facebook. Wasu na godiya. Wasu na cewa tarko ne, ana son a sayi imanin talaka da buhun hatsi. Muhawarar takan yi zafi, amma da wuya a ji wani ya waiwayi tarihi, alhali ƴan mishan ba baƙi ba ne a wannan ƙasa.

Ƙungiyar SIM, wadda aka kafa a 1893, ta shigo Nijar tun shekarun 1920. A 1950 ta buɗe asibitin Galmi a jahar Tawa, a 1956 kuma ta buɗe na masu cutar kuturta a Danja, kusa da Maradi. Wanda ya taso tsakanin Ƙonni da Madawa ba ya buƙatar a yi masa bayanin Galmi: mata masu doguwar naƙuda da waɗanda hatsarin mota ya karya can ake nufa da su, har daga tsallaken iyaka. Ƴan mishan ba su taɓa ɓoye cewa wa'azin addininsu na cikin abin da ya kawo su ba. To amma bayan wajen shekaru ɗari ana wannan wa'azi, ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Musulmi sun haura kashi 99 cikin 100 na ƴan ƙasa. Mai cewa allura da buhun masara za su juya ƙasar nan, ya raina talakan ƙauye ne. Talakan ya karɓi magani, ya yi godiya, ya koma masallacinsa.

Labarin da ya fi cancanta matasa su sani shi ne na jahar Maradi. A farkon shekarun 1980 wani ɗan mishan daga Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya zo aikin dashen itatuwa. Ya shafe shekaru yana rainon iri yana rabawa, akasarinsu suna mutuwa saboda rana, iska, gara da awaki. Kamar yadda shi kansa ya sha ba da labari, wata rana a 1983 ya tsaya a daji domin rage iskar tayoyin motarsa, ya yi addu'a cikin karayar zuciya, sai idonsa ya kai kan wani ɗan tsiro da ya saba wucewa. Da ya duba ganyen, ya gane ba ciyawa ba ce, kututturen itace ne da aka sare, saiwarsa tana raye a ƙarƙashin ƙasa, tana toho duk shekara, manomi kuma yana sassabe ta duk shekara.

Dabarar da ta biyo baya ba ta buƙatar kuɗin kowa. Lokacin sharar gona, maimakon a sare duk tohon a ƙone, sai manomi ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kan kowane kututture, ya yanke sauran, ya kare waɗanda ya bari. Da yake saiwar tsohuwa ce, ta riga ta kai ga danshi, itacen yakan girma da saurin da dashe ba ya yi. Wannan shi ake kira sassaben zamani. Sabara da kalgo da gawo suka dawo gonaki, suna karya iskar da ke binne shuka da yashi, suna ba da itacen girki da abincin dabbobi. Gawo kuwa, kowane manomi ya san halinsa: yana zubar da ganye da damina, hatsin da ke gindinsa ya samu taki ba tare da inuwa ta danne shi ba.

Da farko dariya aka yi wa ƴan manoman da suka gwada, ana cewa ragwaye ne masu ƙazamar gona. Yunwar 1984, wadda dattawa ke kira El Buhari saboda rufe iyakar Najeriya a lokacin, ita ta faɗaɗa abin, domin an haɗa rabon cimaka da sharaɗin barin itatuwa a gona. Da yunwa ta wuce rabon ya tsaya, mutane da yawa suka koma suka sare nasu. Waɗanda suka bari ne suka ga amfani, maƙwabta suka kwaikwaye su, abin ya bazu daga gona zuwa gona har Damagaram. Masu bincike da hotunan tauraron ɗan adam sun ƙiyasta itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, shekarar da aka ba Yacouba Sawadogo na Burkina Faso. Sai dai hannun da ya riƙe adda na manomin Aguié da Tasawa da Matamaye ne, kuma abin da ya ƙarfafa masa gwiwa shi ne sassaucin da aka samu daga jami'an gandun daji, waɗanda a da suke cin tarar mutum kan itacen da ke cikin gonarsa. Sai a 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tsara wannan aiki ta kuma amince da haƙƙin manomi kansa.

Addu'ar da suke yi kuwa ba abin ta da jijiyar wuya ba ce. A nan ma idan ruwa ya ɗauke a watan Yuli, hukumomi da malamai kan kira jama'a filin idi a yi sallar roƙon ruwa. Al'ummar da ta san wannan ba za ta ga baƙon abu ba don wata tsohuwa a Kanada ta durƙusa ta ambaci Nijar.

Inda ake da ƙorafi na gaskiya daban ne. Hoton yaro mai kumburin ciki da ƙudaje a ido, wanda aka ɗauka ba a tambayi uwarsa ba, ana yawo da shi shekara da shekaru domin tara kuɗi, cin mutunci ne, ko wa ya yi shi. Yadda wasu wasiƙun neman gudummawa ke siffanta ƙasar Musulmi a matsayin ƙasar duhu, shi ma ba ladabi ba ne ga mutanen da suka sauki baƙo suka ba shi ruwa. Sannan duk inda aka gindaya wa mai jin yunwa sharaɗin sauraron wa'azi kafin a auna masa tiya guda, an ci zalinsa, kuma hukuma na da haƙƙin taka wa mai yin haka birki. Wannan ma'auni ya hau kan ƙungiyoyin agaji na ƙasashen Larabawa kamar yadda ya hau kan na Turawa.

Abin da ba ya da hujja shi ne huce haushi kan maƙwabci. A watan Janairun 2015, bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, an ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, mutum goma suka rasa rayukansu. Kiristocin da aka ƙona wa wuraren ibada ba su zana komai ba. A 2016 aka sace Ba'amurke Jeffery Woodke a Abalak, bayan shekaru masu yawa yana aiki da makiyaya, bai samu kansa ba sai a 2023. A 2018 aka sace limamin Katolika Pier Luigi Maccalli a yankin Tillaberi, ya yi shekara biyu a hannun masu bindiga. Duk lokacin da irin wannan ta faru, baƙon yakan samu jirgin da zai kwashe shi, mai jinya a ƙauye shi ake bari ba likita.

Yanzu hukumomi sun tsaurara sa ido kan ƙungiyoyin waje. A ƙarshen 2024 aka janye wa Acted lasisi, a farkon 2025 aka umarci ƙungiyar Red Cross ta duniya ta bar ƙasar. Ƙasa na da ikon sanin wa ke shigowa da kuɗin wa, babu jayayya. Amma duk ƙofar da aka rufe, wajibi ne a faɗa wa jama'a wa zai maye gurbin. Ƴan Nijar ba su manta 2005 ba, lokacin da mahukunta ke musanta yunwa alhali cibiyoyin kula da tamowa a Maradi sun cika da yara.

Saura ƴan ci-rani da mazauna ƙetare, waɗanda sukan fi kowa zafi a wannan muhawara. Babu mai musun cewa kuɗin da suke turowa ta Nita da Amana daga Legas, Abijan, Libiya ko Amurka shi ke riƙe da gidaje da yawa daga Yuni zuwa kaka. Sai dai kuɗin yakan shiga tukunya ya ƙare a wata guda. Majami'ar da ke tara sulalla kowace Lahadi ba ta fi su arziki ba, tsari ta fi su: kwamiti, littafin lissafi, rahoto a ƙarshen shekara, da haƙurin tsayawa kan aiki ɗaya shekara saba'in. Ƙungiyar ƴan gari ɗaya da ke zaune a Abijan ko Greensboro za ta iya sayen hatsi da kaka lokacin da yake araha, ta ajiye a bankin cimaka na ƙauye, a sayar da rahusa idan damina ta tsaya, kuɗin ya koma asusu. Za ta iya ɗaukar nauyin matasa biyu su je wajen manoman da suka ƙware a sassaben zamani su koyo kafin sharar gona ta watan Afrilu. Zakkar ƴan kasuwar Maradi kaɗai, da za a tattara ta a rubuce a san inda ta shiga, da ta gina cibiyar tamowa fiye da ɗaya.