Cire tamostat ba ya maganin zafin inji

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Kano, mai bin hanyar Kano zuwa Zariya ba ya rasa ganin mota a gefen titi, an ɗaga bonet, tururi na tashi, direba na fasa ruwan leda yana ɗura wa lagireto. Galibinsu tsofaffi ne 'yan Kwatano, irin su Golf da Sharon da Peugeot 406. Idan aka kai su gareji kuwa, maganin da aka saba ji ɗaya ne: a cire tamostat, a haɗa fanka dairek. Wai Turawa don sanyin ƙasarsu suka saka shi.

Wannan hujja ba ta tsayawa da ƙafarta. Motocin da ke yawo a Riyad da Kuwait, inda zafi ke kusantar digiri 50, da tamostat ɗinsu suke fitowa. Aikinsa tsare ƙofa ne tsakanin inji da lagireto: yana rufe idan inji na da sanyi, ya buɗe idan ruwa ya kai digiri 80 zuwa 90, gwargwadon ƙirar mota. A wannan zafin aka tsara inji ya yi aiki. Idan aka cire shi, inji kan daɗe bai ɗau ɗumi ba, musamman da asubahin hunturu, kwamfutar mota ta yi ta ƙara masa fetur, ƙarafan ciki su riƙa cinyewa da wuri. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan ba ƙaramar asara ba ce ga mai motar haya. Wani injin ma, tamostat ne ke toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya shiga lagireto ba. Babu shi, ruwan zafi ya yi ta zagaye a ciki.

Gaskiya ne tamostat kan lalace ya ƙi buɗewa. Gwajinsa ba wuya: a jefa shi cikin ruwan da ke tafasa, idan bai buɗe ba a nemo sabo a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Fanteka.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne tambayar mai mota yaushe allurar zafin inji ke hawa. Idan a cunkoso take hawa, ta sauka da zarar an hau babban titi, laifin na fanka ne, ko fis ɗinta, ko na'urar da ke kunna ta. Idan kuwa sai an miƙe hanya da kaya take hawa, to lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji, ko fanbel na sulɓewa. Ƙurar hunturu da ganye da leda kan cushe tsakanin lagireto da na'urar AC da ke gabansa, iska ta kasa wucewa. Motar da ke shan ruwa kullum kuma tana yoyo ne a wani wuri, ko tiyo ko murfi. Murfin nan da ake rainawa shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Robarsa na lalacewa, ruwa ya koma tafasa kusa da 100.

Sai batun ruwan kansa. Ruwan rijiya da na burtsatse na barin gishiri da tsatsa a cikin siraran bututun lagireto, kamar yadda butar shayi ke yin fari a ciki. Ruwan nan mai launin kore ko ja da ake sayarwa a galan yana ɗauke da sinadarin hana tsatsa, kuma yana ƙara jure zafi, muddin na ainihi ne. Jabu ya yi yawa a kasuwa.

Wanda ya ci gaba da tuƙi allura na kan ja, kan silinda na alminiyom ne zai lanƙwashe, gasket ya ƙone. Alamarsa farin hayaƙi daga salansa, kumfa a bakin lagireto, baƙin mai ya koma launin shayi da madara. Kuɗin gyaran wannan ɓarna ya ninka na murfi da tamostat sau da yawa.

Direban da ya ga allura ta hau, ya tsaya ya kashe mota, kada ya taɓa murfi sai inji ya huce, aƙalla rabin awa, kada kuma ya kwara wa inji ruwan sanyi. Idan bakanike ya ɗauko sifana zai cire tamostat, mai mota na da haƙƙin ce masa: “Oga, a fara duba fanka da murfi da lagireto tukuna.”