Ƙarar Kiɗa Na Kurumtar Da Matasa

A cikin shekarun nan, da wuya a yi wani biki na aure, ko na suna, ko walimar kammala karatu a manyan garuruwan ƙasar nan ba tare da an ɗauko dije ba, watau mai sarrafa na'urar kiɗa da manyan lasifikoki. Haka kuma gidajen rawa da wuraren casu sun yawaita, musamman a kewayen manyan makarantu. Jama'a sun daɗe suna muhawara a kan wannan al'amari ta fuskar tarbiyya da damun maƙwabta, amma akwai wata fuska da ba a cika kula da ita ba, ita ce ɓarnar da ƙarar kiɗa take yi wa kunnuwan masu sana'ar da na masu halartar wuraren. Wannan ɓarna kuwa ta cancanci a tsaya a dube ta da idon basira, domin kunnen da ƙara ta lalata ba ya gyaruwa.

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasin cewa matasa fiye da miliyan dubu ɗaya, 'yan shekara 12 zuwa 35, suna cikin hatsarin raunin ji saboda sauraren sauti mai ƙarfi a wayoyinsu da kuma wuraren shaƙatawa. Rahoton da hukumar ta fitar a 2021 ya nuna mutum miliyan 430 ne a duniya suke da raunin ji da ke bukatar kulawa, kuma ana hasashen adadin zai haura miliyan 700 kafin shekarar 2050. Raunin ji da ƙara ke haddasawa yana daga cikin waɗanda ake iya kauce musu ɗungurungum.

Domin a fahimci yadda abin yake faruwa, sai a san cewa a can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wata 'yar gaɓa mai siffar katantanwa. A cikinta akwai ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi, kimanin 16,000 a kowane kunne, waɗanda su ne ke karɓar girgizar sauti su mayar da ita saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Idan ƙara ta yi yawa sai su galabaita, kamar ciyawar da aka tattake. In an tattake ta sau ɗaya takan miƙe bayan kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa wanda ya fito daga gidan rawa yakan ji kunnensa ya toshe ko yana ƙugi, sa'an nan ya wartsake. Amma in aka yi ta tattakawa mako bayan mako, sai ta mutu, kuma a jikin ɗan Adam waɗannan ƙwayoyi ba sa sake tsirowa. Babu ƙwaya, babu allura, babu tiyatar da ke dawo da su.

Masana suna auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel. Hira ta yau da kullum tana kusan desibel 60. Cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta ba da shawarar kada mutum ya wuce awa 8 a rana cikin ƙarar desibel 85. Duk ƙarin desibel 3 kuwa yana ninka ƙarfin sautin, saboda haka lokacin sai ya ragu da rabi: awa 4 a desibel 88, awa 2 a 91, awa 1 a 94, minti 30 a 97, minti 15 kacal a desibel 100. Gidajen rawa sukan kai desibel 100, wani lokaci su zarce. Ke nan dijen da ya kwashe awa 4 a irin wannan ƙara ya ɗora wa kunnensa nauyin kwana 16 a dare ɗaya, kuma gobe ma yana da wani bikin.

Abin da ya sa cutar take da wayo shi ne ba ta zuwa da ciwo. Takan fara ne da siraran sautuka, waɗanda ke bambanta haruffa irin su “s” da “f” da “sh”. Mutum yana jin ana magana amma ba ya rarrabe kalmomin, musamman a cikin taro. Ɗalibi sai ya ga darasi yana wuce shi a babban ɗakin lacca, ma'aikaci sai ya riƙa neman a maimaita masa magana a wurin taro har a ɗauke shi marar natsuwa. Ga dije kuwa asarar ta fi girma, domin kunne shi ne jarinsa, kamar yadda ido yake ga tela. Wasu kuma sukan gamu da ƙugin kunne na dindindin, wanda ke hana barci da sukuni. Mashahuran mawaƙan Ingila irin su Pete Townshend na ƙungiyar The Who da Chris Martin na Coldplay sun fito fili sun bayyana cewa suna fama da wannan ƙugi bayan shekaru suna aiki cikin ƙara. Mutane ne masu hali, da kuɗi na sayen sabon kunne da sun saya.

Maganin da ya fi kusa da hannu shi ne matoshin kunne. Akwai na soso mai araha, wanda ake murzawa ya sirance, a ja kunne sama da baya, a tura shi ciki, a riƙe har ya kumbura ya cika ramin. In an sa shi daidai yana rage ƙara sosai, in kuwa an maƙala shi a bakin kunne kawai amfaninsa kaɗan ne. Audugar da wasu ke cusawa ba ta tare abin kirki, sai dai ta sa mai ita ya saki jiki.

Hujjar da masu sana'ar suka fi kafawa ita ce matoshi yana ɓata daɗin kiɗa, yana sa sauti ya dushe. Game da na soso wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin ya fi tare siraran sautuka fiye da masu kauri. Amma tun 1988 wani kamfanin Amurka mai suna Etymotic Research ya fitar da matoshi na musamman domin makaɗa, mai ɗauke da 'yar matata wadda ke rage dukkan sautuka kusan daidai wa daida, kamar an sassauta rediyo. Akwai masu rage desibel 9, da 15, da 25, kuma kamfanoni da dama suna yin irinsu. Wanda ya sa mai rage 15 a cikin ƙarar desibel 100 ya dawo da ita 85, watau minti 15 ɗinsa sun koma awa 8. Dijen da ya iya sayen lasifika da injin wuta ba zai ce kuɗin matoshi ya gagare shi ba.

Hujja ta biyu ita ce kunya. Matashi yana gudun abokai su yi masa dariya su ce tsoho ne ko ragon maza. Amma ba wanda ke yi wa mai walda dariya don ya sa tabarau, ko direban babur don ya sa hular kwano. In manyan dije-dije da ake ji da su suka fara sa matoshi a bainar jama'a, ba da daɗewa ba zai zama abin yayi.

Duk da haka, ba adalci ba ne a jibga wa matashi nauyin duka, alhali ba shi ke riƙe da makunnin na'ura ba. Sau da yawa shi kansa dijen umarnin mai biki yake bi, wanda ke ganin ƙarfin kiɗa shi ne alamar biki ya ƙayatar. A zauren kuwa akwai masu raba abinci, da masu ɗaukar hoto, da tsofaffi, da jarirai a bayan iyayensu mata, waɗanda ba wanda ya nemi yardarsu. Saboda haka ne a watan Maris na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji shida ga wuraren kiɗa: kada matsakaicin sauti ya wuce desibel 100 a cikin kowane minti 15, a riƙa auna shi da na'ura, a kyautata tsarin zaure da na lasifikoki, a tanadi matoshin kunne ga mahalarta, a keɓe wurin da babu ƙara domin hutawa, a kuma horar da ma'aikata. Wasu ƙasashe sun riga sun mayar da irin wannan doka. A Faransa, dokar 2017 ta ƙayyade desibel 102 tare da tilasta raba matoshi kyauta a manyan wuraren kiɗa. A Suwizalan ma wajibi ne a raba shi kyauta a duk taron da ƙararsa ta haura desibel 93.

Nijeriya ba ta rasa doka ba. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin kayyade ƙara tun 2009, kuma akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Abin da ya rage shi ne a shigar da maganar cikin ayyukan yau da kullum. Ya kamata hukumomin jihohi da ƙananan hukumomi masu ba gidajen biki da gidajen rawa lasisi su sanya na'urar awon sauti da tanadin matoshi cikin sharuɗɗan lasisin, jami'an duba-gari kuma su riƙa bin sawu. Ya kamata ƙungiyoyin ɗalibai su sa kuɗin matoshi cikin kasafin kowace walima, asibitocin makarantu su riƙa gwajin ji ga sababbin ɗalibai, ko da a ranar 3 ga Maris ce, wadda aka keɓe domin lafiyar ji a duniya. Su kuma ƙungiyoyin dije-dije su ɗauki matoshi a matsayin kayan aiki, su wajabta wa yaran da suke koya wa sana'a.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da kowa zai iya yi wa kansa. In sai mutum ya ɗaga murya kafin wanda ke tsaye nesa da shi da tsawon hannu ya ji shi, to ƙarar ta kai ta cutarwa. Sai ya nisanci lasifika, domin a fili duk ninka tazara yana rage kusan desibel 6. Ya riƙa fita waje yana hutar da kunne, ya nisanta yara ƙanana daga wurin, in kuma ƙugi ko toshewa suka wuce kwana biyu ya garzaya wurin likitan kunne. Biki na dare ɗaya ne, kunne kuwa shi za a yi karatu da aiki da zaman iyali da shi har tsufa. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira, to lalle ne a tsirar da kunnen tukuna.