ZAUREN IYALI: Yini Ɗaya a Bakin Teku, Jirgi Kuwa Ba Ya Jira

A wannan karo za mu amsa wasiƙar wata baiwar Allah, wadda ɗanta mazaunin Faransa ya gayyace ta ita da maigidanta zuwa yawon mako guda cikin babban jirgin ruwa a Bahar Rum, tare da jikokinsu. Jirgin zai tashi daga Marsai, ya kuma tsaya yini ɗaya a Tunisiya. Jikoki sun nace a kai su wani otel na bakin teku su yi wanka. Hajiya tana tambaya: yaya za a yi wannan yini ba tare da an yi da-na-sani ba?

Hajiya, abin da ya kamata a fara sani shi ne, yinin tsayawa a tasha ba cikakken yini ba ne, sa'o'i ne ƙidayayyu. Jiragen da ke zuwa birnin Tunis suna tsayawa a tashar La Gulet, wadda Larabawa ke kira Halƙul Wadi. Manyan otel-otel na bakin teku suna arewa da ita, a Gamart, bayan an wuce Kartaj da Sidi Bu Sa'id da Marsa, tafiyar kamar rabin sa'a a mota idan babu cunkoso. Wasu otel-otel suna sayar wa baƙon da ba zai kwana ba takardar shiga ta yini, wadda ke ba shi damar amfani da bakin ruwa da kujerun inuwa da tafkin wanka, wani lokaci har da abincin rana.

Lissafin yinin daga ƙarshe ake fara shi. Mu ɗauka jirgi ya iso ƙarfe 8 na safe, zai tashi ƙarfe 5 na yamma. A bisa al'ada ana buƙatar kowa ya koma ciki rabin sa'a kafin tashi, wato ƙarfe 4:30. A cire rabin sa'a na hanya, a ƙara cire sa'a guda saboda tsautsayi, ko na mota ko na yaron da takalminsa ya ɓace. Ke nan ƙarfe 3 ya kamata a bar bakin teku. Da yake sauka daga jirgi da neman mota za su ci kusan sa'a ɗaya da rabi da safe, abin da ya rage na hutu bai wuce sa'o'i biyar da rabi ba.

Akwai kuma tarkon agogo. Tunisiya tana kan lokaci ɗaya da Nijar duk shekara. Faransa da Italiya kuwa suna tura agogonsu gaba da sa'a ɗaya daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Wani jirgin yakan koma kan agogon garin da ya tsaya, wani kuma yakan ci gaba da nasa. Wayar hannu tana komawa agogon gari da kanta ba tare da ta yi shawara da mai ita ba. Idan jirgi ya riƙe agogon Turai, wanda ya iso tasha wayarsa tana nuna 4:30 zai tarar jirgi ya yi rabin sa'a da tafiya. Saboda haka kafin a sauka a tambayi ma'aikata da wane agogo ake aiki, a daidaita agogon hannu da shi.

Idan kamfanin jirgin ne ya shirya fitar, motarsa ta makara, alhakin yana kansa. Idan iyali ne suka shirya da kansu, kuɗin yakan fi sauƙi, amma wanda ya makara shi zai nemi hanyar cim ma jirgin a tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa, wataƙila ma a wata ƙasa. Mai tafiya da tsofaffi da ƙananan yara ya auna wannan da kyau. Kowace hanya aka zaɓa, a fita da katin jirgi, da takardun shaida yadda jirgin ya umarta, da magungunan da ake sha kullum, da lambar wakilin jirgin a tasha, wadda akan buga a takardar shirin rana. Dinarin Tunisiya kuma doka ta hana fita da shi daga ƙasar, don haka a canza kaɗan daidai buƙata.

Kafin a biya kuɗin otel, matambayi ba ya ɓata. Farashin da ake cewa ya haɗa komai sau da yawa har da giya a cikinsa. A nemi wanda babu ita, kada a biya abin da ba za a sha ba. A tambayi dokar tufafin wanka, domin ko a ƙasar Musulmi akwai otel-otel da suka hana mata shiga tafki da suturar da ta rufe jiki duka. Gara a ji haka tun daga waya da a ji shi a gaban jikoki. A kuma san cewa bakin teku wuri ne da mutane da yawa ke rage tufafi. Iyaye su nemi gefen da iyalai suka fi zama, su kuma yi wa yara bayani tun a cikin jirgi.

Sallar Azahar za ta riske ku a can, domin a Tunis tana shiga jim kaɗan bayan ƙarfe 12 na rana a agogon gari. A tafi da darduma mara nauyi, a roƙi wuri mai tsabta. Alƙibla tana gabas, ta ɗan karkata kudu. La'asar kuwa a bazara za a iya samunta cikin jirgi bayan an koma. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli a irin wannan tafiya, a je wa malami da shi tun kafin a bar gida.

Amana mafi nauyi ita ce ta yara. Wanda ya iya iyo a kogin Kwara ko a tafkin damina kada ya ɗauka ya san teku. Jar tuta a bakin ruwa tana nufin an hana shiga. Wani lokaci ruwa yakan yi wata ƴar hanya mai ja zuwa ciki da ƙarfi. Wanda ta kama kada ya yi kokawa da ita, ya yi iyo ta gefe, daidai da layin gaɓa, har ya fita daga cikinta, yana ɗaga hannu don neman taimako. Yaro yana iya nutsewa shiru, ba ihu ba kururuwa. Don haka a sa babban mutum ɗaya wanda ba shi da aiki sai kallonsu, a riƙa karɓar juna, mai tsaron kuma ya ajiye waya. A shayar da su ruwa akai-akai, a mayar da su inuwa idan rana ta take.

Hajiya, ku je ku ga ikon Allah a cikin tekunsa, ku faranta wa jikoki rai. Amma idan ƙarfe 3 ta yi, ko suna kuka a naɗe tabarma. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo mana da ku lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda.