“Zuwanku Ya Ƙare”



Wata ranar Talata a bara ina tsaye gaban teburin inshora na wani asibiti, Umma tana zaune a keken marasa lafiya a bayana, sai ma'aikacin ya duba kwamfutarsa ya ɗago ya ce, “Malam, ai zuwanku ya ƙare.” Na ce to. Har godiya na yi masa. Na juya keken muka fita neman adaidaita sahu. Wannan “to” da na ce ita ta ci mana sati uku, kuma a kanta nake so mu tattauna a wannan makon.

Hawan jini ne ya kayar da Umma da asuba, ya bar ta da shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren dama. Bayan kwana tara a gadon asibiti aka sallame mu, aka tura mu sashen gashin ƙashi, wanda ma'aikatan asibiti suke kira fisiyo. Sunan nan na gashi yana ruɗar mutane, don da yawa sun ɗauka fitila ce kawai ake haska wa mutum ya ji ɗumi. Abin da na gani da idona ya wuce haka. Ana koya wa babban mutum zama ba tare da ya kife ba, sannan tashi, sannan jefa ƙafa, sannan yadda zai riƙe kofi ya kai baki. Kamfanin da Abba yake wa aiki ya yi wa ma'aikatansa inshorar lafiya har da matansu, don haka muka ce alhamdulillah, wannan nauyin an ɗauke mana. Ni ne na gama difloma ina zaune a gida, ni aka bar wa kai ta da dawo da ita, Talata da Alhamis.

Ga wanda bai taɓa shiga harkar ba, ga yadda take. Kamfanonin da ake kira HMO su ne a tsakanin mai inshora da asibiti. Ƙananan abubuwa kamar ganin likita da maganin zazzaɓi ba su da wata doguwar hanya. Amma da zarar an ce aikin ƙwararru ne, irin su tiyata, hoton ƙwaƙwalwa ko gashin ƙashi, sai asibiti ya nemi lambar izini daga kamfanin, wadda kowa a wajen yake kira kod. Idan asibiti ya yi aiki babu kod, yana iya rasa kuɗinsa. Kuma kod ɗin gashi ba a buɗe yake zuwa ba, da adadinsa yake zuwa: zuwa kaza aka amince. Namu biyar ne. Muka yi biyar ɗin cikin sati biyu da rabi, a daidai lokacin da Umma ta fara tsayawa tana dafa ƙarfe, sai aka ce ya ƙare.

Abin da ya faru a gidanmu bayan nan shi ne ainihin ɓarnar, kuma na tabbata ba gidanmu kaɗai ba ne. Mun ɗauki maganar teburin inshora a matsayin maganar likita. Umma ta ce, “Iyakar abin da asibiti za su iya ke nan, saura kuma na Allah ne.” Abba ya yi shiru. Ba a yi kwana uku ba 'yan dubiya suka fara kawo nasu ilimin, wannan ta ce shafar aljanu ce, waccan ta zo da man shafawa a kwalbar lemo, wani ya ce akwai mai ɗori a ƙauyensu da yake tayar da wanda ya shekara a kwance. Mu kuma muna ta lallaɓa hannun kamar ƙwai, ba ma bari ya motsa don kada mu fama mata. Kafaɗar ta sandare, yatsun suka fara naɗewa cikin tafin hannu, har sai an yi da gaske ake buɗe su a wanke.

Sai da muka koma ganin likitan hawan jini muka ci karo da likitan gashin a baranda. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, “Hajiya, ina kuka shiga?” Na ce ai an ce mana zuwanmu ya ƙare. Ya dube ni ya ce, “Wa ya sallame ku? Ni dai ban sallame ku ba.” A ranar ya rubuta rahoto, bayan kwana biyu sabon kod ya fito, wani biyar ɗin. Da Abba ya karɓo takardar tsarin inshorar daga ofishinsu, sai ga shi a rubuce: zuwa goma sha biyar ne a shekara, amma biyar-biyar ake saki, kowane sai an nema. Goma na ajiye da sunan Umma duk tsawon sati ukun da muke zaune muna shafa mata man kwalba. Rashin sani ya fi dare duhu, amma ina da tambaya: aikin wa ne ya kunna mana fitilar?

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Adadin da ake rubutawa a kan kod lissafin akawu ne, ba hukuncin likita ba. Wanda ya yanke shi bai taɓa ganin Umma ba, kuma tun kafin ta faɗi aka yanke shi. Adadi ɗaya ne ga saurayin da ya gurɗe a filin ƙwallo, da dattijuwar da rabin jikinta ya daina jin umarninta, da jaririn da aka ja wa hannu wajen haihuwa jijiyar kafaɗarsa ta taɓu, da ɗan acaɓan da aka cire wa filasta bayan wata biyu gwiwarsa ta ƙi lanƙwasuwa. Na farkon wataƙila zuwa uku ya ishe shi. Sauran kuwa maganar watanni ake yi, wani ma shekaru. Kuma a shanyewar ɓarin jiki lokaci ba ya jira, domin abin da masana suka tabbatar shi ne mafi yawan farfaɗowar da jiki zai yi a watanni uku zuwa shida na farko take samuwa, lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi saurin koyon sababbin hanyoyi. Ana ci gaba da samun sauƙi bayan nan, amma a hankali. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sati uku a cikin wannan ɗan tsakanin ba ƙaramin abu ba ne.

Zan yi wa kamfanonin adalci, don ba na son rubutun da zai zama zagi zalla. Asusun inshora kuɗin taro ne, yana da ƙarshe. Idan aka bar ƙofa a buɗe, akwai asibitin da zai rubuta zuwa ashirin alhali mara lafiya sau shida ya taka ƙafarsa, akwai kuma wanda zai mayar da sashen gashi wurin tausa kyauta. Duk wanda ya san ƙasar nan ya san haka na faruwa. Don haka ban ce a soke neman izini ba. Ma'aikacin teburin nan ma ban riƙe shi a zuciya ba, abin da kwamfuta ta nuna masa ya karanta. Abin da na ƙi shi ne a tsare ƙofar da ƙidayar zuwa maimakon duba halin mara lafiya, sannan a yi shiru a bar iyali su ɗauka magani ne ya ƙare. Likitocin gashi suna da ma'auni. Suna rubuta ko mutum yana iya zama shi kaɗai, taku nawa yake yi, kafaɗa zuwa ina take ɗaguwa, yana iya shiga banɗaki ba a riƙe shi ba ko a'a. Wanda yake son kama maƙaryaci, ga inda zai kama shi nan. Wanda takardarsa ta nuna yana ci gaba, ko ta nuna zai koma baya in an tsaya, da wace hujja za a ce masa ya isa?

Ba mu kaɗai muka taɓa wannan rigimar ba. A Amurka, dokar kasafi ta 1997 ta sa wa shirin Medicare, inshorar gwamnati ta tsofaffi, iyakar kuɗin gashi da makamantansa na dala 1,500 a shekara ga kowane mutum. Shekara ashirin ana ja-in-ja, majalisa tana dakatar da iyakar, tana buɗe ƙofar togiya, har dai a 2018 aka soke ta. Abin da ya maye gurbinta shi ne, in kuɗi ya kai wani mataki, likita ya tabbatar a rubuce cewa har yanzu akwai buƙata. Wato sun koma kan rahoton likita, inda ya kamata a fara tun farko. A nan gida, dokar 2022 da ta mayar da NHIS zuwa NHIA ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, kuma a 2025 hukumar ta umarci kamfanonin HMO su riƙa ba da kod cikin awa ɗaya da nema. Wannan gyara ne na gaske ga wanda ya taɓa wuni a benci yana jiran lamba. Sai dai maganin jinkiri ne, bai taɓa maganar adadi ba. Kuma awa ɗayar ba ta fara ƙirguwa sai an nema. Mu ba wanda ya nema mana, mu ma ba mu san ana nema ba.

To kafin manya su gyara nasu, ga abin da wuya ta koya mini. Ranar farko, tun kafin a taɓa mara lafiya, ka tambayi teburin inshora zuwa nawa aka amince a wannan kod ɗin, nawa ne na shekara gaba ɗaya, kuma yaushe shekarar take sabuntuwa, don ba lallai ta bi Janairu ba. Ka samu littafi ka riƙa rubuta kwanan wata, lambar kod da sunan wanda ka yi magana da shi. Kada ka jira zuwan ƙarshe, tun ana saura biyu ka roƙi likitan gashi ya rubuta rahoton neman ƙari, don kada a samu giɓi. Idan an hana, ka ce a ba ka a rubuce tare da dalili. Za ka sha mamakin yadda murya take sauyawa idan ka nemi takarda. Ka kira lambar da ke bayan katin da kanka, kada ka bar wa asibiti kaɗai. Idan wurin aiki ne ya sayi inshorar, ofishin kula da ma'aikata yana da bakin magana fiye da kai, domin su ne masu sabunta kwangila. Bayan su kuma akwai ofisoshin NHIA a jihohi da suke karɓar koke.

Wanda ya fi duka muhimmanci a wajena shi ne ka mayar da kowane zuwa aji. Minti arba'in ne ko awa ɗaya a asibiti, sauran awannin sati duka a gida ake yin su. Na daina zama a waje ina latsa waya, na koma shiga ciki ina kallo, ina tambaya, da izinin likitan ina ɗaukar bidiyon yadda yake motsa kafaɗar. Shi ya nuna mini yadda ake jera filo a ƙarƙashin hannun in ta kwanta, ya kuma gargaɗe ni kada a kuskura a ja ta ta hannun da ya shanye wajen tayar da ita, abin da muka yi ta yi a baya da kyakkyawar niyya. Da ya ga adadin ya kusa cika, shi da kansa ya ba da shawarar mu koma sau ɗaya a sati don ragowar su ja mu zuwa gaba, tunda aikin gida ya kankama.

Bari in ɗan ratse. A littattafanmu, in Alhaji ya faɗi, shafi biyu ne: an fitar da shi Indiya ko Masar, ya dawo yana takawa, ko kuma a gano kishiya ce ta yi jifa a karya asirin ya miƙe. Ban taɓa karanta labarin da ya zauna a bencin sashen gashi ba, inda na ga wani magidanci yana kuka don matarsa ta ɗaga cokali. Ni kaina da nake ta rubuta gajerun labarai, rubutun da na fi shan wahalarsa a bara shi ne wasiƙar neman ƙari bayan sha biyar ɗin sun cika. Na fara ta da kalaman ban tausayi shafi guda, likitan ya karanta ya yi dariya ya ce in cire duka. Muka bar sakin layi uku: halin da ta zo da shi, inda ta kai yanzu da alƙaluma, da abin da ake tsoron zai faru in an tsaya.

Amsar ta zo bayan kwana takwas, a rubuce kamar yadda na nema. Sun ƙi. Sun ce tsarin da kamfanin su Abba ya saya iyakarsa ke nan, sai shekara ta juyo. Abba ya kai takardar ofishinsu, aka ce za a duba lokacin sabunta kwangila. Muka koma biya daga aljihu sau ɗaya a sati biyu, Yaya da ke aure tana turo rabi, ni da ƙanwata muna yin na gida safe da yamma.

Yanzu Umma tana zuwa har ƙofar gida da sanda, tana alwala da kanta da hannun hagu. Hannun daman bai buɗe ba. Na taɓa tambayar likitan ko sati ukun nan ne suka jawo, ya ce ba wanda zai iya rantsuwa a kan haka, wasu hannuwan ko an yi komai a kan lokaci ba sa dawowa. Na karɓi maganarsa, amma ban daina lissafin ba. Shekarar inshorar ta sabuntu a watan jiya, an sake buɗe mana sha biyar. Mun ci uku, ranar Alhamis ne na huɗu, kuma rahoton neman biyar na gaba yana cikin jakata tun jiya.