Auna tukuna, kafin ka kwance mata inji

Mu huɗu ne ƴan Gumel da muka haɗa kuɗi bara muka sayi tsohuwar Golf 3 GTI. Irin wadda Volkswagen ya ƙera a shekarun 1990 ce, mai inji lita 2 da ƙarfin doki 115, nauyinta kuma tan ɗaya da ɗoriya kaɗan. Daɗinta ke nan: ba ta da jiki, kana taɓa totur take amsawa. Amma wallahi ta koya mini abin da nake so in faɗa wa ƴan uwana ɗalibai kafin in bar makarantar nan: mafi yawan kuɗin da muke kashewa a gyaran mota, kuɗin cinke ne.

Wata Alhamis cikin Afrilu, ranar kasuwar Maigatari, muka shiga cunkoson motocin dabbobi sai allurar zafi ta haura. Muka lallaɓa muka dawo gida. A gareji kowa ya kawo tasa. Wannan ya ce lagireto ne, wancan ya ce famfon ruwa, wani dattijo ya ce: "Yaro, cire tamostat ɗin nan ka yar, na ƙasar Turawa ne, ka haɗa fanka kai tsaye." Muka aika Ƙofar Ruwa a Kano aka sayo famfo, muka wanke lagireto. Zafi yana nan daram.

Sai a mako na uku na tuna ina da mita a jaka, wadda muke aiki da ita a aji. Na lura motar ba ta zafi in tana gudu, sai in ta tsaya. Ke nan iska ce ba ta samu a tsaye. Na ba fanka wuta daga batir, ta juya lafiya. Na duba fiyus, ƙalau. Ashe ɗan makunnin da ke jikin lagireto ne, wanda ke tada fanka in ruwa ya yi zafi, ya mutu. Kuɗinsa ko kusa da na famfon bai kai ba.

Ba raina kanikawa nake yi ba. Mutumin da ke gane bugun inji da kunne ya fi ni sanin mota nesa ba kusa ba, kuma a hannun irinsu na yi IT. Amma maganar cire tamostat kuskure ce. Aikinsa shi ne riƙe inji a wajen digiri 90. In ka cire shi, da safiyar hunturu inji zai daɗe bai ɗumama ba, na'urar motar ta yi ta ƙara masa fetur, ƙarfe na cin ƙarfe. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wa ke da fetur ɗin zubarwa?

Wani zai ce kayan awo tsada. A'a, malam. Mita ba ta kai kuɗin taya ɗaya ba, kuma da ita za ka san batir mai lafiya yana ba da kusan bolt 12.6 in mota na kashe, wajen 14 in tana kunne. Sauran kuwa kula ce kawai: ƙurar yankinmu tana toshe matatar iska da wuri, man kwalba na ƴan bumburutu yakan zo da datti, ruwan rijiya kuma yana barin gishiri da tsatsa a lagireto.

Akwai kuma maganar da ba ma so a yi. Da yawa daga cikinmu masu son ƙananan motoci, kuɗinmu a salansa mai ƙara da fitilu yake ƙarewa, birki da taya kuwa sai Allah ya kiyaye. Mota mara nauyi tana saurin tashi, haka kuma ba ta yafe kuskure. Hanyar Gagarawa ko ta Sule Tankarkar ba filin tsere ba ce. Akwai amalanke, akwai awaki, akwai yara masu tallar fura. Wanda bai duba man birkinsa ba, bai isa ya kira kansa masoyin mota ba.

Shawarata ga ƙungiyar ɗalibai ita ce a ware rana ɗaya a wata, masu motoci da babura su kawo su, ɗaliban injiniya su auna a gaban malami, a gayyato kanikawan gari su ma su nuna mana nasu. Su suna da hannu, mu muna da lissafi. In muka karɓi difloma alhali ba mu iya gano dalilin da fanka ta ƙi juyawa ba, to me za mu ce mun kai gida?