Zauren Anti: Jirgin Gwangwani da Hakin da Ka Raina

  A wannan fitowa mu ɗan ajiye zancen lalle da na samari tukuna, domin na dawo daga Kunci da wani labari da ya tsaya mini a rai.

Da kakar bana na je gaida yayata. An gama yankan dawa, kara ya cika ko'ina, kun kuwa san lokacin ne kasuwar yara maza ke buɗewa ta ƙera motar kara da ta langa-langa. To ɗanta mai shekara tara ya wuce nan, shi jirgin ƙasa ya ƙera. Ya jera gwangwanayen madara shida, ya huda su da ƙusa, ya sarƙa su da waya, ya yanko tsohon silifas ya yi tayoyi, har da layin dogo na kara shimfiɗe a tsakar gida. Na ce, "Kai ɗan nan, ina ka taɓa ganin jirgi?" Ya ce, "A wayar Kawu na gani, Anti. In aka gama na Maraɗi ni zan tuƙa shi."

Maganarsa ba shirme ba ce. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, a 2021 kuma aka ƙaddamar da aikin layin da zai tashi daga Kano ya bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina har Maraɗi, wato ta maƙwabtansu. Kada ma ku ɗauka yara kaɗai ke wannan wasa. A Ingila da Jamus da Amurka dattawa masu furfura ke kashe kuɗi suna haɗa ƙananan jirage a ɗakunansu, a birnin Hambug na Jamus ma akwai katafaren gidan kallonsu da aka buɗe a 2001. Su ma kansu ba su tsira ba, wuƙar yanka takan zame musu, ƙarfen dalma ya ƙona su, gam ya manne musu yatsu. To ina ga yaron da kayan aikinsa bola ce ta ba shi?

Kwana biyu da zuwana sai na lura yaron nan yana ta ɓoye hannunsa na dama a cikin riga, ga jikinsa rau da zazzaɓi. Da na matsa, sai yayarsa, wata 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare, ta fashe da kuka. Ta ce, "Wallahi Anti bakin gwangwani ne ya yanke shi tun ran Talata. Na ji tsoron kada Umma ta dake mu, shi ne na zuba masa toka na ɗaure da tsumma." Da muka kwance, tafin hannun ya kumbura suntum, ga ruwa yana fita. A ranar muka nufi asibiti. Ma'aikaciyar da ta wanke ciwon ba ta yi faɗa ba, abu ɗaya ta fara tambaya: ina katin rigakafinsa? Muka yi tsuru-tsuru, don ba wanda ya san inda aka jefa shi. Aka yi masa allura, aka ba shi magani. Alhamdu lillahi hannu ya warke, sai tabo.

Me ya sa ta tambayi kati? Saboda ciwon sarƙewar haƙora, wanda ake kira tsinkau-tsinkau. Da yawa mun ɗauka tsatsa ce ke kawo shi. A'a, ƙwayar cutar tana zaune ne a cikin ƙasa da kashin dabbobi, ga shi a karkara irin tamu awaki da shanu da taki a gida muke kwana da su. Gwangwanin da ya daɗe a bola ko ƙusar da ta kwana a turke su ne ke ɗauko ta su cusa a jiki. Ta fi son rauni mai zurfi mai ƙaramin baki, irin hudar ƙusa ko waya, wanda ba ya ko zubar da jinin kirki. Tana iya yin shiru daga kwana 3 har zuwa 21, an ma manta da ciwon, sai a ga baki ya ƙi buɗuwa, wuya ya sandare, jiki yana fizga. Nan sai ka ji ana cewa iska ce ko sammu, a yi ta hayaƙi har lokaci ya ƙure. Hausawa sun yi gaskiya, hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

To ke yaya, ke ce kusa da ƙannenki sa'ad da Umma ke madafa ko ta tafi unguwa. Ga abin da za ki riƙe:

Idan yanka ne, ki wanke hannunki tukuna, ki danne wurin da tsabtataccen ƙyalle kamar minti goma har jini ya tsaya, sannan ki wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, ki rufe. Ban da toka, ban da ƙasa, ban da man birki ko fetur.

Idan ƙuna ce, don sukan narka roba ko su gasa ƙusa a wuta su yi huda, ki yi ta kwarara ruwa mai sanyi kamar minti ashirin. Ban da makilin, ban da ɗanyen ƙwai, kuma kada a fasa ƙurjin da ya taso.

Idan waya ko ɓawon kara ya soki ido, kada a murza, kada a ce za a ciro a gida. A rufe a tafi asibiti.

Ki kuma sa ido kan masu rarrafe. Marfin kwalba da guntun waya da ƙaramin batir mai kamar maɓalli duk baki suke kai su, shi batirin nan kuwa cikin 'yan awoyi yake ƙona maƙogwaro. Rezar da aka tsinta a hanya ma ba abin wasa ba ce.

Duk raunin da ya yi zurfi, ko ya kumbura, ko ya zo da zazzaɓi, ki faɗa wa manya a take. Faɗan Umma na yini ɗaya ne, hannun yaro kuwa na har abada ne.

Saura ke kanki. Allurar da ke kare jarirai daga wannan ciwo ana yin ta a sati 6 da 10 da 14 da haihuwa. Akwai kuma ta mata waɗanda suka isa haihuwa, guda biyar ce a jere: ta farko, ta biyu bayan sati huɗu, ta uku bayan wata shida, sauran biyun shekara-shekara. Wadda ta yi ta ta kare kanta, ta kuma kare jaririn da za ta haifa daga kamuwa ta cibiya. Ana ta lissafin akwatunan lefe da kayan ɗaki, to a sa wannan ma a lissafi.

Ban ce ku farfasa musu jirage ba, ko kusa. Yaron da ya dubi gwangwani ya hango jirgi a cikinsa, Allah kaɗai ya san abin da zai zama gobe. Ki wanke masa gwangwanin, ki sa wani babba ya daddaƙe bakinsa ya lanƙwasa kan wayar, ki ce ya sa takalmi. Da zan taho na tarar da ɗan yayata ya koma bakin aikinsa, tarago ya zama bakwai, yayarsa kuwa na zaune a gefe da sabulu da buta, katin rigakafi kuma an nemo shi a ƙasan adakar Umma.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.

Taku har kullum, Anti.