Ƙaramin laifi ma yana buƙatar lauya: lokaci ya yi da za mu kafa asusun shari'a



Akwai wata ɗabi'a da muka daɗe a kanta. Da zarar an kama ɗayanmu, sai a kira sarki ko ciyaman, a yi karo-karo cikin gaggawa, a nufi caji ofis a sasanta. Ba ma tuna lauya sai mun ji an ce kisan kai ko fashi da makami. Ra'ayina shi ne wannan hanya ta gaza, kuma ƙananan laifukan da muke rainawa su ne suka fi cinye mana mutane da dukiya.

Mu duba abin da ake kama mutanenmu a kai. Talla a bakin titi. Tuƙa okada a inda aka hana, musamman tun watan Yunin 2022 da gwamnati ta haramta shi kwata-kwata a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, daga baya ta ƙara wasu ƙananan hukumomin. Cacar baki da ta kai ga mari a kasuwa. Sayen tsohuwar waya da daga baya aka ce ta sata ce. Tsallaka babban titi ba ta kan gada ba. Wani lokacin ma babu laifin komai, samame ne kawai ya rutsa da mutum yana dawowa daga wurin nema. Ba mu manta da watan Agustan 2019 ba, lokacin da aka tare mota ɗauke da matasa 123 daga Jigawa da baburansu, aka tsare su, daga baya aka sake su.

Hukuncin yawancin waɗannan laifuka tara ce ko ɗan gajeren ɗauri. To me ya sa mutum yake shafe watanni a Kirikiri ko Ikoyi a kansu? Domin a wurare uku yake faɗawa rami, kuma a duka ukun ba shi da mai yi masa magana.

Na farko shi ne wurin ɗaukar jawabi. Ɗan sanda ya rubuta da Turanci, ya miƙa wa yaron da bai wuce wata shida da zuwa Legas ba, ya ce dangwala. Ya dangwala bai san ya amsa laifi ba. Na biyu shi ne gaban alƙali, musamman a kotun tafi-da-gidanka inda ake gurfanar da mutane da yawa a zama ɗaya. Wani ya raɗa masa cewa ya ce "gilti" za a sallame shi da wuri. Ya faɗa, a yanka masa tarar da ba shi da ita, a wuce da shi gidan yari, kuma sunansa ya shiga cikin waɗanda kotu ta taɓa samu da laifi. Na uku shi ne sharuɗɗan beli. Majistare zai iya cewa a kawo mutum biyu masu adireshin da za a tabbatar da shaidar biyan haraji ga jihar Legas. Mai tura baro a Mile 12 da ke kwana a rumfa, ina zai samo su? An ba shi beli a takarda, amma yana ciki.

Haka gidajen yari suke cika. Alƙaluman hukumar gidajen gyaran hali sun daɗe suna nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Gidan yarin Ikoyi da aka gina domin mutum 800 yana ɗauke da sama da 3,000 a watan Disambar 2019, lokacin da wutar lantarki ta kashe fursunoni biyar a ciki. A watan Nuwambar 2023 kuma, ministan harkokin cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya sanar da sakin fursunoni 4,068 bayan an tara naira miliyan 585 an biya musu tara da diyya. Ku raba kuɗin da yawan mutanen, za ku ga bai kai naira 150,000 a kan kowane mutum ba. Wato rashin abin da bai kai kuɗin tsohon babur ba ne ya raba dubban mutane da iyalansu.

Abin takaicin shi ne doka tana gefenmu a abubuwa da dama, mu ne ba mu sani ba. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama yana da ikon yin shiru har sai ya gana da lauya, kuma a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji. Ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Wane caji ofis ne a Legas ya yi nisan kilomita 40 da kotu? Sashe na 36 ya ce mutum ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar, kuma idan ba ya jin harshen kotu a ba shi tafinta kyauta. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, ta kuma hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki. Dokar shari'ar laifuka ta jihar Legas ta ce jawabin amsa laifi a ɗauke shi a bidiyo ko a rubuta shi a gaban lauya, ta yarda mace ta tsaya wa mutum beli, ta kuma ba alƙali damar yanke hukuncin aikin al'umma maimakon ɗauri a kan ƙaramin laifi. Laifin yawo ba dalili da ake yawan tsorata mutane da shi, tun 1989 aka soke shi. Belin caji ofis kuwa, ita kanta rundunar 'yan sanda kullum cewa take yi kyauta ne.

Amma haƙƙin da ke cikin littafi ba ya tashi ya kare kowa. Sai an sami wanda zai tsaya ya ce ranka ya daɗe, wannan mutumin ba ya jin Turanci, a kawo tafinta, ko ya roƙi a sassauta sharaɗin beli. Wannan shi ne aikin lauya, kuma ya fi amfani a kwana biyun farko, kafin a dangwala hannu.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce sasantawa ta fi sauri. Gaskiya ne, wani lokacin ta fi sauri. Amma duk kuɗin da muka miƙa ba rasit muna koya wa mai karɓa ne cewa kama Bahaushe riba ce, gobe ya dawo ya kwashi wasu. Ba ina rage darajar sarakunanmu da shugabannin kasuwa ba ne, sun fitar da mutanen da ba za su ƙirgu ba. Sai dai sarki yana roƙo ne, lauya kuwa yana neman haƙƙi, kuma idan suka tafi tare maganar ta fi nauyi.

Wasu za su ce za mu zama masu ɗaure wa ɓarayi gindi. Wannan damuwa ce mai tushe, domin ɓata-gari ɗaya yana shafa wa dukanmu baƙin jini. Amma lauya ba ya wanke mai laifi. Aikinsa ya tabbatar wanda bai yi ba bai amsa ba, wanda ya yi kuma ya karɓi hukunci daidai da laifinsa. Wanda laifinsa na wata uku ne bai kamata ya yi shekara yana jira ba. Kuma matashin da aka jefa cikin riƙaƙƙun masu laifi saboda tallan ruwan leda, ba gyaruwa zai yi ya fito ba.

Wasu kuma za su ce lauya tsada. Ai akwai na kyauta. Hukumar ba da agajin shari'a ta tarayya tana nan tun 1976 kuma tana da ofis a Legas. Gwamnatin jihar ma tun shekarar 2000 ta kafa ofishin lauyoyin kare marasa ƙarfi da ake kira OPD. Rassan ƙungiyar lauyoyi ta NBA su ma suna da masu aikin sa kai. Sai dai aiki ya yi musu yawa, kuma ba za su san an kama ɗan uwanka ba sai an je an faɗa musu.

Saboda haka ga abin da nake so mu tattauna a taronmu na gaba. Mu buɗe asusun shari'a na daban wanda ba a taɓa shi don biki ko tarbar baƙi. Idan mutum 300 suka riƙa ba da naira 500 a wata, an sami naira 150,000 ke nan. Mu yi yarjejeniya a rubuce da lauya ɗaya da za a iya kira dare ko rana, in da hali mai jin Hausa. Mu tsara sunayen 'yan uwa masu shago, adireshi da takardar haraji waɗanda suka yarda su tsaya beli, da sharaɗin ƙungiya ce za ta tabbatar wanda aka tsaya wa yana zuwa kotu, domin mutum ɗaya da ya tsere arewa zai sa kowa ya janye hannu. Mu ware matasa biyu ko uku masu jin Turanci da Yarbanci su riƙa raka lauya suna rubuta lambar ƙara da ranar zama. Kuɗin asusun na lauya ne, da takardun kotu, da tarar da aka ba da rasit a kanta. Ko sisi kada ya tafi cin hanci, kuma duk wata a karanta lissafi a gaban kowa.

Kafin nan, ku faɗa wa duk sabon zuwa abubuwa uku. Kada ya yi gardama ko kokawa da jami'i. Kada ya sa hannu a takardar da ba a karanta masa da harshen da yake ji ba. Kada ya amsa laifi a kotu don kawai an ce za a sallame shi da wuri. Ya kuma haddace lambar waya ɗaya, domin wayar ce ake fara karɓewa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda yake da shawara ko gyara, ya zo da ita taro mu ji. Allah ya tsare mu da zalunci, ya tsare wasu daga namu, ya fitar da waɗanda ke tsare ba da haƙƙinsu ba.

Sakataren Ƙungiya